Me ya hana marubutanmu buɗe ƙofar wata duniya daga rijiyar Kusugu?

UwarƊalibai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandaren 'yammata a nan Daura, kuma akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya wadda nake so mu tattauna. Ɗalibaina da suka iya Turanci sosai sun duƙufa ga karanta wasu littattafan almara na matasa a waya lokacin hutu. Da na sa suka ba ni labarinsu, sai na ga kusan dukkansu zubinsu ɗaya ne. Yarinya ce mai shekara 16 ko 17 tana zaune cikin rayuwa irin ta kowa, sai ta gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da ke kaiwa ga wata duniya wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu ba tare da mutane sun sani ba. Da ta shiga sai ta tarar ashe asalinta daga can yake, iyayenta ko kakanninta sun ɓoye mata ne, kuma mutanen can sun daɗe suna jiran ta. Daga nan soyayya ta shiga tsakaninta da wani saurayi na wancan ɓangaren, har a kai inda dole ta zaɓi gidan da za ta zauna.

Tambayata kashi biyu ce. Mu da muke da rijiyar Kusugu a tsakiyar gari, da tarihin sarauniyoyi, da tatsuniyoyin da ba su ƙirguwa, me ya hana marubutanmu rubuta wa matasa irin wannan labari da Hausa? Na biyu kuma, idan an rubuta, shin ya dace mu miƙa wa yaranmu shi?

ƊanKusugu:
Wa alaikumus salam Malama. Wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka gina a kan rijiyar, ya leƙa ya ga duhun da ke ƙasa, ya ji sanyin ruwan da aka ɗebo masa da guga ya sha, ya san cewa marubuci ba ya bukatar wata ƙofa da ta wuce wannan. Labarin kansa ya riga ya tanadi komai: macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, da sarauniyar da ta nemi sanin wanda ya kashe macijin. Tambayar da ba a taɓa amsawa ba ita ce daga ina macijin ya shigo rijiyar, kuma me yake tsarewa a can ƙasa. Wannan tambaya kaɗai ta isa littafi mai juzu'i uku.

TsohonHedimasta:
Malama, ina so in ɗan gyara tambayarki ta farko, domin maganar cewa ba a rubuta irin wannan da Hausa ba ba daidai ba ce gaba ɗaya. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da almara ya fara, kuma Katsina na da hannu dumu-dumu a ciki. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, Abubakar Imam yana malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, inda tauraron ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, tafiyar ta kai shi har cikin sha'anin aljanu. Yayansa Malam Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki, kuma wannan ne ya fi kusa da abin da kike bayani. Ganɗoki ya yi yaƙi da Turawa, sannan labarin ya fice da shi daga tarihin da muka sani zuwa ƙasar aljanu, ya yi jihadi a can, daga baya ya dawo ya tarar ƙasarsa ta sauya a hannun Turawa. Ga duniya biyu nan, ga kuma mutumin da ya rayu a cikin kowacce.

Abin da ya faru shi ne, daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka mamaye kasuwa daga Kano, almara ta koma gefe. Ta ci gaba da rayuwa a cikin littattafan yaƙi da jarumtaka, amma waɗannan kusan duk a Misra ko Farisa ko wani birnin da ba a san inda yake ba ake kafa su, da sunayen jarumai waɗanda ba za ki ji an raɗa wa yaro a Unguwar Alkali ko a Sarkin Yara ba. Saboda haka sai soyayya ta zauna a gida ba almara, almara kuma ta tafi ƙasashen waje ba gida. Haɗa su ne ba a yi ba.

'YarTsohonBirni:
Baba Hedimasta ya yi gaskiya, kuma ni zan ƙara komawa baya. Kafin Imam ya ɗauki sunan, Ruwan Bagaja tatsuniya ce da kakata ke ba mu a tsakar gida bayan sallar isha'i. An tura 'yar bora ta wanko shimfiɗar da aka ɓata a wani ruwa da ba wanda ya san hanyarsa. Tana tafe tana tambayar kowane kogi ko shi ne, kowanne yana yi mata tayin abin daɗi tana ƙi, har ta isa wata bukka inda ta sami cinya da kare, cinya na magana kare na fassarawa. Ta yi musu ladabi, ta dafa ɗan abin da aka ba ta ba tare da raini ba, aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta dawo gida da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sahunta da rashin kunya da kwaɗayi ta dawo da abin kunya. Idan wannan ba shiga wata duniya mai dokokinta daban ba ne, to mene ne? Haka kuma Daskin-da-riɗi, inda saurayi ke ɓoye cikin wata siffa kuma yarinyar da aka fi rainawa ce ta san sunansa. Tsarin da ɗalibanki ke nema a Turanci yana cikin bakin tsofaffinmu, sai dai yaran yanzu ba su zauna an ba su ba.

Malamin_Kimiyya:
Akwai bambancin da ya kamata a fitar kafin a ci gaba, domin iri biyu ne ake haɗawa. Iri na farko shi ne ɓoyayyiyar duniya, wadda take nan kusa da mu amma ba ma ganin ta, kamar misalan da Baba Hedimasta da 'YarTsohonBirni suka kawo. Iri na biyu shi ne duniyar da ta rabu da tamu a wani lokaci na tarihi, wato gari ɗaya da mutane iri ɗaya, amma wani al'amari ya faru ta wata fuska daban, sai komai ya bi wata hanya. Marubutan waje sun sami ƙarfin gwiwar wannan iri na biyu daga wani ra'ayi da masanin kimiyya Hugh Everett ya gabatar a Amurka a 1957, cewa duniya na rarrabuwa zuwa duniyoyi da yawa, wanda har yau fassara ce ta lissafi da ba a tabbatar da ita ta hanyar gwaji ba. Ga marubucin da ke tsoron shiga sha'anin aljanu, wannan iri na biyu ya fi sauƙi, kuma a ganina ya fi ilmantarwa. A ce yarinya ta ratsa ta Ƙofar Guga ta fito a wata Katsina wadda Turawa ba su taɓa ci ba, ayarin raƙuma na ci gaba da sauka daga Agadas, ana rubuta komai da ajami, kuma kakanta da ya rasu a nan yana raye a can. Dole marubucin ya san tarihin gaskiya kafin ya iya karkatar da shi.

Almajirin_Zaure:
Ni tambaya ta biyu ce ta dame ni, kuma ina roƙon a saurare ni da kyakkyawar fahimta. Baturen da ya rubuta labarin wata duniya bai yarda akwai ta ba, mai karatunsa ma bai yarda ba, wasan tunani ne a tsakaninsu. Mu kuwa mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma a Suratul A'araf an faɗa mana cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Saboda haka idan marubuci Bahaushe ya zana birnin aljanu, yarinya 'yar shekara 14 ba za ta ɗauke shi a matsayin ƙage zalla ba. Kuma mu faɗi gaskiya, cikakken birnin ɓoye da Hausawa suka tsara tun da daɗewa shi ne Jangare na 'yan bori, da gidajensa 12, da sarkinsa, da su Ɗan Galadima da Inna da Sarkin Rafi. Duk marubucin da ya ce zai tono gadon gargajiya don ya gina wata duniya, ƙafarsa za ta kai can ko ya so ko bai so ba.

Sannan ga batun soyayya tsakanin mutum da aljani. Malamai sun yi saɓani a kan auren, kuma an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi shi ne saboda tsoron kada mace ta yi ciki ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. A ƙasar da ake yawan kai 'yammata wurin ruƙiyya da zancen aljanin dare, kuma ake samun faɗuwar ɗalibai a makarantun kwana, ban ga hikimar ƙawata musu wannan soyayya a littafi ba.

Bakatsiniya:
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da nauyi, musamman ta makarantun kwana, domin na yi kwana kuma na ga yadda labari ɗaya ke hana ɗaki guda barci. Amma Ganɗoki da Baba ya ambata an karantar da shi a makarantu shekara da shekaru, kuma malami ne ya rubuta shi, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ashe ba shigar aljanu cikin labari ne matsalar ba, yadda aka shigar da su ne.

MaiAlƙalami:
Bari in yi magana a matsayina ta wadda ta gwada. Ina rubuta littattafai ina sakawa a zaurukan WhatsApp, kuma na taɓa fara wani labari irin wanda Malama ke nema. Tauraruwar 'yar marina ce, kuma ƙofar tana cikin wata tsohuwar karofi, wato ramin rini, da aka daina amfani da ita a bayan gidansu. Saboda irin damuwar da Malam Almajirin_Zaure ya kawo, ban kira mutanen can aljanu ba. Na mayar da su mutane ne kamar mu, masu salla da azumi, waɗanda kakanninsu suka ɓuya tun zamanin wata yunwa suka rufe hanya a bayansu. Da haka na kauce wa bori, na kuma kauce wa auren jinsi biyu, kuma labarin bai rasa komai na ban mamaki ba.

Abin da ya karya mini gwiwa daban ne. Shafukan farko na kyauta sun sami masu karatu, amma da aka zo wurin biya sai aka watse, saƙonnin da nake samu kuma kusan duk tambaya ɗaya ce, wai yaushe za a kai ga auren. Babin da na kwashe makonni ina binciken yadda ake haɗa baba da toka da katsi don in siffanta rini daidai, shi ne aka fi tsallakewa. Daga baya wata ta kwashe abin da na rubuta ta watsa a wasu zauruka ba da izinina ba. Marubuciyar da ke rubuta labarin kishiya da attajirin miji tana gama littafi cikin wata biyu ta sami kuɗin cefane. Mai gina sabuwar duniya tana bukatar shekara, kuma babu mawallafin da zai ɗauki nauyinta a wannan shekarar. Wannan ita ce amsar tambaya ta farko a wurina, ba rashin basira ba ne.

Ɗaliba_AjiShida:
Ina neman afuwar iyayena da malamaina da zan sa baki. Ina cikin masu karanta irin waɗannan littattafai, kuma ina so in faɗi dalilina, domin ana zaton sihirin ne ko soyayyar ke jan mu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yarinyar da ke cikin labarin tana tambayar asalinta kuma ana ba ta amsa. Mahaifiyata 'yar Damagaram ce, ta rasu ina ƙarama, kuma duk abin da na sani game da danginta shi ne wata tsohuwar tasa da ƙwarya mai zane da aka ce nata ne. Idan na tambaya sai a ce in bari sai na girma. Duk lokacin da na karanta labarin wadda ta buɗe ƙofa ta sami mutanen da suka san sunan kakarta, kaina nake gani. Na biyu kuma, a waɗannan littattafai yarinya ce ke yanke shawara, ita ke tafiya, ita ke ceto. A yawancin littattafan Hausa da nake samu, tana zaune ne tana kuka har wani mai mota ya zo. Da za a rubuta mana da Hausa, da na fi kowa murna, domin akwai wuraren da nake karantawa da ƙamus a hannu.

UwarƊalibai:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki, 'yata, ya sa ta huta. Abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da ya sa na kawo maganar, domin na lura waɗanda suka fi riƙe waɗannan littattafai a ajina su ne marayu da waɗanda auren iyayensu ya mutu suka tashi a hannun ɓangare ɗaya.

ƊanMaraɗi:
Daga tsallaken iyaka nake bin wannan muhawara, kuma maganar Malamin_Kimiyya da ta wannan yarinya sun haɗu a wuri ɗaya a wurina. Ku Katsinawan Najeriya kuna neman duniya ta biyu a cikin rijiya, alhali tana nan bayan Jibiya. Lokacin da masu jihadi suka ci Katsina a farkon ƙarni na 19, Ummarun Dallaje ya hau, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, kuma muna da Ƙaura da Durɓi da Galadima da 'Yanɗaka kamar yadda kuke da su. Bayan haka Ingila ta ɗauki ɓangare ɗaya, Faransa ta ɗauki ɗayan, sai ga dangi ɗaya, wani na kashe naira yana karatu da Turanci, wani na kashe sefa yana karatu da Faransanci. Daura ma haka ta rabu bayan jihadi, gidan sarautar ya koma Zango da Ɓaure kafin Turawa su dawo da shi birni.

Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, na ga bikin da ango ke wannan gefe amarya ke wancan, aka riƙa bin hanyoyin daji a kan babur don a kai lefe. Marubucin da ke son labarin ƙofa mai buɗewa da rufewa, da masoya biyu da ke gefe daban-daban, da yarinyar da rabin asalinta ke wancan ɓangaren, ya zo ya zauna a Magama ko Kongwalam na mako guda da littafin rubutu a hannu.

Gobarau77:
Ni akwai abin da nake tsoro idan aka fara irin wannan rubutu a nan, kuma na gan shi a na Turancin ma. Kullum sirrin da ake tonawa shi ne yarinyar jinin sarauta ce, 'yar sarkin can ce da aka sace ko aka ɓoye. Wannan yana koya wa yaro cewa asali ba ya da daraja sai ya haɗu da gidan sarki. Idan aka kawo wannan cikin al'ummar da har yanzu ake fasa aure saboda an gano kakan yaro mahauci ne ko wanzami ko maƙeri, ko an ce gidansu bayi ne, to an ƙara wa ciwon gishiri. Abin da ya burge ni a labarin MaiAlƙalami shi ne tauraruwarta 'yar marina ce.

Ku duba labarin Bayajida kansa. Wuƙar da ya kashe macijin da ita maƙeran Gaya ne suka ƙera masa, kuma ba don tsohuwar da ta sauke shi ta gaya masa halin rijiyar ba, da bai je ba. Ga kuma Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi, wadda ta haifi Karɓagari kafin a haifi Bawo, aka kuma jingina wa zuriyarta sunan Banza Bakwai. Wa ya taɓa ba da labarin daga bakinta? Yarinyar da za ta ratsa ta gano cewa ita jikar Bagwariya ce, ba jikar Daurama ba, kuma ta ƙi jin kunyar hakan, ita ce tauraruwar da nake so 'ya'yana su karanta.

ƊanKusugu:
Gobarau77, ra'ayinka yana da kyau a takarda, amma ka san yadda mutanenmu ke ji da wannan tarihi. A Daura ba tatsuniya ba ce, ana tuna shi a fada, ana hawan Sallar Gani, kuma kayan tarihin suna hannun masarauta. Wanda ya juya labarin ya mayar da Daurama mai laifi zai gamu da fushin da bai shirya masa ba.

Gobarau77:
Ban ce a mayar da kowa mai laifi ba, Malam. Na ce a ba wadda ba a taɓa jin muryarta ba dama ta yi magana, kuma ana iya yin haka cikin ladabi.

MaiNazari_Mani:
Masana tarihi da kansu ba su haɗu a kan labarin Bayajida ba. Wasu na ganin mutum ne da ya rayu, wasu na ganin hoto ne na shigowar wasu baƙi da kuma sauyawar mulki daga hannun mata zuwa na maza. Tun da haka ne, marubuci na da fili, muddin ya bayyana a farkon littafinsa cewa ƙage yake yi. Amma ni ina ganin an cika matsa wa Kusugu, alhali ƙasar Katsina cike take da wuraren da ba a taɓa ba. A nan ƙasar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan kaburburan sarakunan farko, waɗanda aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan ado na zinariya da tagulla da wuri, har da kayan da suka fito daga ƙasashe masu nisa. Wanda ya tsaya a wurin da yamma, ga kukoki ga gonaki kewaye da tuddan, zai ji cewa akwai birni guda da ya nutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Ga labarin kokawar Korau da Sanau, da takobin Gajere. Ga kuma Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan lissafin jadawalin lambobi irin na hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A ce mabuɗin ƙofar ba tsafi ba ne, jadawalin lissafi ne da wani malami ya bari ba a kammala ba a cikin gafakar da yarinya ta gada, sai ta koyi lissafin da ajamin kafin ta iya buɗewa. Ina ganin ko Malam Almajirin_Zaure ba zai ƙi wannan ba.

Almajirin_Zaure:
Lissafin ba zan ƙi shi ba, amma hatimi a wurin mutanenmu ba lissafi kaɗai ba ne, kuma ka san abin da ake yi da shi. Duk da haka hanyar da MaiAlƙalami ta bi ta kwantar mini da hankali fiye da yadda na zata, wato mutanen can su zama 'yan Adam masu addini. Sharaɗina shi ne kada a nuna wani yana neman taimakon wanin Allah kuma ya ci nasara da hakan.

Ummu_Yara:
An yi ta maganar ƙofa da asali, an bar soyayyar a baya, alhali ita ce ta fi damun mu iyaye. Na karɓi wayar 'yata na sa ƙanena ya duba mini ɗaya daga cikin na Turancin, ya ce akwai wuraren da bai iya karanta mini ba saboda kunya, kuma an rubuta cewa na matasa ne. Na Hausar da ke yawo a waya ma wasunsu sun fi wannan muni, domin ba mai tace su. Ni ban ce a cire soyayya ba, don yarinya mai shekara 17 ta san da ita ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Abin da nake so shi ne a rubuta ta yadda muka san ta: zance a ƙofar gida ko a zaure da ƙanwa zaune kusa, aike ta hannun ƙawa, kunyar haɗa ido, da sanin cewa maganar za ta ƙare a gaban iyaye. Kuma idan saurayin na wata duniya ne, to babbar tambayar Bahaushe tana nan, wato su wane ne danginsa, wa zai zo neman auren, wa zai karɓi sadaki, ina za a kai amarya. Marubucin da ya ɗauki waɗannan tambayoyi da gaske zai sami rikicin da zai riƙe littafi tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa abin kunya ba.

Bakatsiniya:
Hajiya, wannan batu na binciken asali kafin aure ya dace da abin da Gobarau77 ya kawo. Dattawan gidan yarinya su tashi bincike, su tarar saurayin ba shi da kowa a wannan duniyar, ita kuma a can ana yi mata kallon marar asali. Kowane ɓangare na ganin ɗayan baƙo ne.

TsohonHedimasta:
Ina so in ja hankalin masu niyyar rubutawa ga harshe. Almara ta fi kowane irin labari bukatar Hausa mai ƙarfi, domin abin da mai karatu bai taɓa gani ba sai kalma ta nuna masa shi. Wanda bai san sunayen sassan gini ba, soro da azara da tubali da indararo, bai san kayan doki ba, bai san sunayen itatuwa da taurari ba, da me zai gina birni? Abin da nake gani a waya yanzu rabi Hausa ne rabi Turanci, ba ƙugiya a haruffa, ba aya ba waƙafi. Imam da tsararsa sun zauna da tsofaffi da maroƙa da mafarauta kafin su ɗauki alƙalami.

MaiAlƙalami:
Baba, na karɓi wannan, amma zama da tsofaffi da zuwa Mani ko Maraɗi duk kuɗin mota ne da lokaci, kuma mafi yawanmu matan aure ne da ke rubutu da babban yatsa a waya bayan yara sun yi barci. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta nuna cewa idan aka sa lada kuma aka sa alƙalai, mata na fitowa da rubutu mai kyau, sai dai gajerun labarai ne. Da sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko wani mai hali zai sa gasar dogon labarin almara na matasa, da sharaɗin a kafa shi a ƙasar Hausa, a kuma ba wanda ya ci edita da kuɗin bugawa, da kun ga abin da zai fito. Littattafan da Baba ya ambata ma ai gasa ce ta haife su.

UwarƊalibai:
Na gode ƙwarai da wannan ilimi. A zangon karatu mai zuwa zan ba 'yan aji biyar aikin rubuta labari mai shafi biyar, kowacce ta zaɓi ƙofarta a cikin unguwarsu, ta kuma tambayi wata tsohuwa a gidansu sana'ar kakanninta da garin da suka fito kafin ta fara. MaiAlƙalami, idan za ki yarda, ina so in karanta musu babin rinin nan da aka tsallake, don su ga yadda ake siffanta abu.

Malamin_Kimiyya:
Malama, ki bar musu zaɓi tsakanin iri biyun da na ambata, kada duk su tafi ga rijiya da kuka. Ina so in ga ko akwai wadda za ta rubuta Daurar da sarautar mata ba ta yanke ba.

ƊanKusugu:
Wannan na ƙarshen zai fi wuya a karanta shi a bainar jama'a a nan garin, Malam, kuma har yanzu ina kan ra'ayina cewa a fara da macijin. MaiAlƙalami, ba ki gaya mana ba ko 'yar marinan ta dawo gida ko ta zauna a can, kuma ko akwai niyyar ƙarasa littafin.

MaiAlƙalami:
Malama, zan turo miki babin ta akwatin saƙonki in sha Allahu. Malam ƊanKusugu, a tsarin da na yi ta dawo, amma ta tarar an cike karofin da ƙasa za a yi gini a wurin, saurayin kuma yana wancan gefen. A nan na tsaya, domin ban yanke shawarar ko mahaifinta zai yarda a sake haƙa ta ba, kuma ina ganin sai na sami wani tsohon marini na ji yadda suke ɗaukar karofin da aka binne kafin in rubuta wannan babin.